Neman shawara kan digirin shekara biyu na koyar da ƙananan yara a Amurka

Uwar Tagwaye ta rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni sanin tsarin karatun Amurka, musamman waɗanda suka taɓa aiki da ƙananan yara.

Shekarata biyar ke nan a ƙasar, ina da katin zama na dindindin, kuma kusan shekara biyu ina aiki a wata cibiyar renon yara a matsayin mataimakiya a ɗakin 'yan shekara biyu. Aikin ya shiga raina fiye da yadda na zata tun farko. Sai dai na lura duk lokacin da aka sami gurbin babbar malamar aji, daga waje ake ɗauko wata mai takarda, ni kuma a ce in koya mata sunayen yaran da halin kowannensu. Shugabar cibiyar ta gaya mini gaskiya, ba da mugun nufi ba, cewa in ina son ci gaba sai na koma karatu, ta kuma ambaci digirin asoshiyet a fannin ilimin ƙananan yara, wanda ake yi a kwalejin al'umma cikin shekara biyu.

Da na duba kwalejin da ke kusa da mu, sai na tarar da kwas biyu masu suna kusan ɗaya, an rubuta wa ɗaya AA, ɗayan kuma AAS, ban kuwa gane bambancinsu ba. Wata abokiyar aikina ta ce in bar su duka in nemi takardar CDA, wai cikin 'yan watanni an gama. Maigidana kuma yana ganin in dai har za a sha wahalar karatu, to gara a sha ta a fannin jinya inda albashi ya fi tsoka. Shekaruna 34, yarana uku, biyu daga cikinsu tagwaye ne 'yan shekara huɗu, rabona da aji tun da na gama sakandare, kuma barin aiki ba zai yiwu ba. Don Allah wadda ta bi wannan hanya ta gaya mini abin da ake koyarwa, da yadda ake haɗa shi da aiki, da kuma inda takardar take kai mutum.

Malamar 'Yan Huɗu ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Da na karanta tambayarki sai na ga kamar ni ce nake magana shekarun baya, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsata.

Bari in fara da abin da ake koyarwa, domin a nan ne na fi yin kuskuren zato. Na shiga ajin farko da tunanin cewa wadda ta haifi huɗu ta raine su, babu wani sabon abu da za a gaya mata game da yaro. A zangon farko aka ba mu aikin lura: ki zauna minti goma a gefen ɗaki da littafi da biro, ki rubuta abin da yaro ɗaya yake yi, ba tare da kin sa baki ba. Na zaɓi wani ɗan shekara huɗu da ke wurin wasan ruwa, na rubuta cewa yaron yana da taurin kai, ya ƙi barin wurin, yana ta ɓarnar ruwa. Malamar ta ja layi a ƙarƙashin jimlar da jan biro, ta rubuta a gefe cewa wannan hukuncina ne, ita kuwa abin da idona ya gani take so. Da na koma washegari na zuba ido sosai, sai na ga ashe ruwa yake juyewa daga wani faffaɗan kofi zuwa wani dogo siriri, ya durƙusa ya dubi inda ruwan ya tsaya, ya sake mayarwa, har sau bakwai. Na tambaye shi wanne ya fi ruwa, ya nuna dogon ba tare da wata shakka ba. A makon ne kuwa muke karanta Jean Piaget, masanin nan ɗan Suwizalan, wanda ya nuna cewa yaro a wannan shekaru bai riga ya gane cewa yawan ruwa ba ya canzawa don an canza masa mazubi ba. Abin da na kira ɓarna, bincike ne yaron yake yi. Tun daga ranar na daina saurin yanke wa yaro hukunci, har na cikin gidana.

Haka sauran darussan suke. Za ki karanta girman yaro tun daga haihuwa har shekara takwas, domin nan ne iyakar abin da ake kira ƙuruciyar farko a wannan fanni. Za ki haɗu da Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya yi magana kan tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in an ɗan tallafa masa. Misalinsa a aji shi ne zip ɗin rigar sanyi: ke ki haɗa masa bakin ƙarfen daga ƙasa, ki bar shi ya ja da kansa, bayan mako biyu kuma ki daina haɗawar. Za ki ji labarin Maria Montessori da gidan yaran da ta buɗe a birnin Rum a 1907. Akwai darasin lafiya da abinci da tsaro, inda za a nanata miki cewa a rigingine ake kwantar da jariri, a gadon da babu filo babu bargo. Akwai tsara darasi ta hanyar wasa, da koyar da harshe kafin yaro ya fara karatu, da kula da yara masu buƙata ta musamman, da hulɗa da iyaye. Akwai kuma darasin ladabtarwa, wanda ya fi ba irinmu wahala, domin babu duka, babu tsawa, babu tsoratarwa, sai ki koyi durƙusawa daidai tsayin yaro ki ba shi zaɓi biyu da duk kin yarda da su. Za a kuma sanar da ke cewa doka ta wajabta miki kai rahoto in kin ga alamar ana cutar da yaro, ko da iyayen ƙawayenki ne.

Batun shekara biyu kuwa, wannan lissafin wanda ba ya wani aiki ne sai karatun. Ni darasi biyu nake ɗauka a kowane zango, ɗaya da yamma ɗaya ta intanet, sai da na yi shekara uku da rabi. Inda za ki fi shan wuya shi ne koyarwar gwaji ta ƙarshe, domin da rana ake yin ta, a lokacin da yara suke aji. Wasu kwalejojin suna yarda a yi ta a wurin aikin mutum in cibiyar tana da lasisi kuma akwai ƙwararriyar da za ta sa ido, wasu kuma sai sun tura ki wani wuri. Ki tambayi wannan tun kafin ki biya ko sisi.

Game da CDA, abokiyar aikinki ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta cika zancen ba. Takardar shaidar ƙwarewa ce, ba digiri ba. Ana neman awa 120 na horo da awa 480 na aiki da yara, sai kundin ayyukanki, da jarrabawa, da wata mai dubawa da za ta zo ta gan ki a cikin aji, kuma duk shekara uku sai an sabunta ta. Ke da kika yi shekara biyu a ɗakin yara, awannin aikin kin riga kin wuce su nesa ba kusa ba. A shirin Head Start, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson don 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kuma inda nake aiki yanzu, CDA tana isar mataimakiya, tana kuma isar malamar jarirai a sashen Early Head Start. Amma dokar da aka yi a 2007 ta sa babbar malamar ajin 'yan shekara uku zuwa biyar sai tana da aƙalla digirin asoshiyet. Don haka CDA da digirin ba kishiyoyi ba ne, tsani ɗaya ne, ita ce matakin ƙasa.

Dattijon Ofis ya amsa:

Malama, Allah ya saka da alheri, kin ɗauke mini rabin aiki. Ni ba malamin yara ba ne, a ofishin ba ɗalibai shawara na wata kwalejin al'umma nake aiki, kuma tambayar AA da AAS ita ce wadda na fi ganin an yi nadama a kanta.

'Yar'uwa, duka biyun suna da kiredit (ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya kammala) kusan 60, wato rabin digirin jami'a mai kiredit kusan 120. Bambancin yana cikin abin da aka cika kwandon da shi. An tsara AAS ne don wanda zai fita kai tsaye ya kama aiki, shi ya sa mafi yawan darussansa na sana'ar ne, aka rage Turanci da lissafi da kimiyya da tarihi. Shi kuwa AA, da ɗan'uwansa AS, an tsara su ne don wanda zai wuce jami'a, darussan gama-gari sun fi yawa a cikinsu, na sana'ar kaɗan ne. Wanda ya yi AAS ya fi gamsuwa a lokacin karatu, domin abin da ya koya yau da dare zai gwada shi gobe da safe a aji. Matsalar tana fitowa ne bayan shekaru, ranar da ya kai takardunsa jami'a aka ce daga cikin 60 ɗin ba za a karɓi wasu ba, sai ya maimaita abin da ya riga ya biya wa kuɗi.

Dalilin da ya sa nake jan hankalinki ga jami'a tun yanzu shi ne, digirin asoshiyet ba ya ba mutum damar zama malamin aji a makarantar gwamnati. Daga ajin kindagatin zuwa sama, kowace jiha tana neman cikakken digiri da lasisin koyarwa, kuma jihohi da dama haka suke nema har a ajin share fage na kafin kindagatin da suke ɗaukar nauyi. A can ne albashi mai kyau da fansho da hutun bazara suke. Yau kina iya cewa ba ki da niyyar zuwa can, amma mai shekara 34 tana da sauran shekara talatin na aiki a gabanta in Allah ya ba da rai, bai kamata ta rufe ƙofar da hannunta ba. Wannan ba ya nufin AAS ba shi da kyau. Akwai kwalejojin da suka ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da jami'o'in jiharsu cewa za a karɓi AAS ɗin ilimin yara gaba ɗaya. Ki je ofis ki ce a nuna miki yarjejeniyar a takarda, da sunan jami'ar da jerin darussan da za ta karɓa, kada ki wadatu da a ce miki ai babu damuwa. Ki kuma tambaya ko NAEYC, ƙungiyar masu ilimin ƙananan yara ta Amurka, ta tantance kwas ɗin, sannan ko suna lissafa wa mai CDA wasu kiredit, domin kwalejoji da yawa suna yin haka.

Kafin ki fara za a nemi takardar sakandarenki, wataƙila a ce a kai ta wata hukumar auna takardun ƙasashen waje, sannan a gwada Turancinki da lissafinki don a san ajin da za a sa ki. Kada ki shiga wannan gwaji da ka. In kin yi ƙasa za a iya tura ki ajin cike giɓi na Turanci ko lissafi, wanda ake biyan kuɗinsa amma ba ya shiga cikin kiredit 60 ɗin. Mako biyu ko uku na bita suna iya rage miki zango guda.

Kuɗin karatu a kwalejin al'umma, a matsakaicin ƙasar, ya kai kimanin dala 4,000 a shekara ga ɗan yankin da ke cikakken karatu, amma jiha da jiha akwai rata mai yawa. A Kalifoniya, misali, dala 46 ne kowane kiredit ga mazaunin jihar. Mai katin zama na dindindin tana da ikon cike takardar FAFSA, wadda da ita ake samun tallafin Pell. Kyauta ne, ba bashi ba, mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, gwargwadon kuɗin shigar iyali, kuma mai ɗaukar darasi biyu ma tana samun kasonta. Akwai kuma tallafin T.E.A.C.H. da aka fara a Karolaina ta Arewa a 1990, ya kuma bazu zuwa jihohi da dama. Na masu aiki a cibiyoyin reno ne kamarki: shirin ya biya mafi yawan kuɗin karatu da littattafai, cibiyar ta sa nata kason, ke kuma ki yi alkawarin ci gaba da aiki da su na wani lokaci bayan kin gama. Ki tambayi shugabarku ko akwai shi a jiharku.

Hajiya Mai Reno ta amsa:

'Yata, duk abin da suka gaya miki gaskiya ne, amma babu wanda ya tsaya kan maganar maigidanki, ni kuwa ina ganin yana da hujja. Alƙaluman Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin ma'aikaciyar reno kimanin dala 30,000 ne a shekara, na malamar ajin share fage kimanin dala 37,000, alhali malamar kindagatin ta haura 60,000. Ki dubi wannan da kyau. Tsakanin inda kike da inda asoshiyet zai kai ki, ratar ba ta da faɗi, babban tsallen yana gaba ne. A wasu cibiyoyin masu zaman kansu ma abin da za a ƙara miki a awa ba zai sa ki san kin yi karatu ba. Ga ciwon baya na ɗaukar yara, ga murar da ba ta ƙarewa a shekarar farko.

Ni da kaina na faɗa ramin da Malam yake nuna miki. Wata kwaleji mai zaman kanta da ke yawan talla ta ja ni da alkawarin za a gama da wuri kuma duk ta intanet, na ci bashi na yi shekara ɗaya da rabi. Da na nemi komawa kwalejin gwamnati, darasi biyu kacal aka karɓa daga cikin duk abin da na yi, bashin kuwa ya bi ni shekaru. Saboda haka sharaɗina gare ki ɗaya ne: wannan karatu ba na cin bashi ba ne. In Pell da tallafin jiha sun biya, bismillah. In sai da rance, ki rage darussan ki tafi a hankali.

Duk da haka daga baya na kammala, ban kuma yi da-na-sani ba, domin ni wata hanyar na bi. Gidan reno nake da shi mai lasisi, a cikin gidana. Jiharmu tana ba wuraren reno taurari gwargwadon ingancinsu, karatun mai wurin yana cikin abin da ake dubawa, kuma yawan taurari yana ƙara abin da jiha take biya a kan yaran da take ɗaukar wa nauyi. Ban da haka, ranar da na lura wata yarinya 'yar wata ashirin ba ta waiwayowa in an kira sunanta, ba ta kuma nuna abu da yatsa, karatun ne ya ba ni bakin da zan zaunar da uwarta ba tare da na firgita ta ba, in gaya mata cewa akwai shirin gwamnati da ke duba yaran da ba su kai shekara uku ba kyauta. Da a da ne, cewa zan yi kowane yaro da lokacinsa.

Uwar Tagwaye ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na karanta wa maigidan amsarki, ya yi dariya ya ce ashe yana da magoya baya. Mun zauna mun yi magana, na gaya masa ni jini ma ba na iya kallo, aikin yaran kuma shi nake so, ya ce to in dai babu bashi ya amince.

Jiya na je kwalejin kamar yadda Malam ya ce. An ba ni takardar yarjejeniyarsu da jami'ar jiha, kuma AA ɗin ne kaɗai ke ciki, AAS babu. Sun ce suna lissafa wa mai CDA darasi biyu, amma a AAS ne suke shiga kai tsaye, a AA kuwa ɗaya ne zai sami gurbi. Koyarwar gwaji kuma sun yarda a yi ta a wurin aiki, muddin ba a ɗakin da nake aiki kullum ba. Yanzu abin da ke tsorata ni shi ne AA ɗin yana da lissafi da rubutun Turanci har darasi biyu, ni kuwa Turancin baki nake da shi, ban taɓa rubuta shafi biyar a jere ba. Yaya Malama, da wanne zan fara?

Malamar 'Yan Huɗu ta amsa:

Ƙanwata, tunda takarda ta nuna AA, ki kama AA. Darasi ɗayan da za ki rasa na CDA bai kai a damu da shi ba in aka kwatanta da abin da za ki rasa a ƙofar jami'a. Amma ki nemi CDA ɗin duk da haka a shekarar farko, domin darussan kwalejin da kansu suna iya cike miki awa 120 na horon, kuma da ita za ki iya neman ƙarin albashi tun kafin digirin ya fito.

A zangon farko ki haɗa rubutun Turanci na ɗaya da darasin girman yaro. Na biyun zai riƙe miki zuciya saboda kin san yaran da ake magana a kansu, na farkon kuma shi ne makamin da za ki yi sauran karatun da shi, domin kusan kowane darasi a wannan fanni rahoton lura ne da tsarin darasi a rubuce. Kwalejojin al'umma galibi suna da ɗakin taimakon rubutu kyauta. Ni duk ranar Laraba nake kai musu daftarina, ba sa rubuta wa mutum, amma suna nuna masa inda zance ya karkace. Lissafi kuwa kada ki bar shi sai ƙarshe kamar yadda na yi, har ya kusa riƙe mini takarda. Ki sa shi a zango na biyu ko na uku, ki kuma tambayi Malam ko jami'ar da ke cikin yarjejeniyar tana karɓar darasin ƙididdiga a maimakon aljabra, domin wasu suna karɓa, wasu kuma suna da nasu lissafin na musamman da suke so malaman firamare su yi.

Dattijon Ofis ya amsa:

Amsar tana cikin takardar da aka ba ta. 'Yar'uwa, ki duba layin lissafi a jerin darussan, za ki ga lambar darasin da jami'ar ta amince da shi, shi za ki yi rajista, ba wanda ya fi dacewa da lokacinki ba. Ki adana takardar tare da kundin kwalejin na shekarar da kika shiga, domin ƙa'idojin wannan shekarar ne galibi ake bi da ɗalibi muddin bai katse karatu na dogon lokaci ba. FAFSA kuma ki cike ta a wannan makon, saboda tallafin wasu jihohin wanda ya riga shi ke samu.